Yadda Baba Ya Zama Mai Gidan Haya

A lokacin ina aikin buga takardu a wani ɗan shago kusa da Ƙofar Marusa. Kwamfuta biyu gare mu, aikin kuma bai wuce takardun neman aiki da katin biki da tambayoyin jarrabawa ba. Wata Litinin wani malamin sakandare ya shigo da littattafan rubutu huɗu a cikin leda. Dogo ne siriri, da farin alli a bakin hannun rigarsa. Ya ce wasan kwaikwayo ya rubuta, gidan talabijin sun ba shi rabin awa bayan sallar azahar, Litinin zuwa Laraba. Lokaci ne da babu mai so, don maza suna kasuwa ko ofis. Wani Alhaji mai ƙaramar masana'antar sabulun wanki ya yarda zai ɗauki nauyin shirin, a riƙa sa tallarsa a farko da tsakiya.

Labarin wani gidan haya ne mai ɗakuna shida da famfo ɗaya a tsakar gida, sai tsohon mai gidan da ke riƙe da makullin famfon. Cikin 'yan hayar akwai nas, akwai bakanike, akwai wata mai ɗinki da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu.

Ina bugawa ina ƙunshe dariya. Maganar mazan ta zauna daidai, amma matan sai ka ce masu karanta labaran duniya. Da ya dawo karɓar aikin na kasa yin shiru.

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, amma macen da aka ɓarar mata da ruwan wanki ba ta cewa, 'Gaskiya ban ji daɗin wannan lamari ba.'"

Ya ce, "To mi take cewa?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har da dafa tebur, ya ce in gyara duk inda na ga ya kamata. Daga ranar duk maganar da mace za ta yi a wasan sai ta bi ta hannuna.

Gidanmu yana cikin gari, a lungun da in ka ɗaga kai kana hango hasumiyar Gobarau. Mu biyu muka rage a ciki, ni da Baba, yayyena duk sun yi aure sun watse. Baba ya yi shekara talatin yana rubuta wa mutane wasiƙa a kan ɗan teburinsa a ƙofar gidan waya. Da wayar hannu ta zo ta kashe sana'ar, bai nuna damuwa ba, ya ce kowane zamani da abin hawansa. Rasuwar mahaifiyarmu ce ta kwantar da shi. Fiye da shekara ɗaya bai wuce masallaci da zaure da ɗaki ba. Mutumin da a da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi har awakin gidanku, ya koma "lafiya lau" kawai. Kwanon tuwo kuma kullum da rabi yake dawowa.

Maƙwabciyarmu nas ce, Kirista 'yar Filato, ta fi shekara goma a gidan da ke jikin namu. Kowa Sista yake ce mata. Ita ke shigowa duk mako ta auna masa jini. Wata rana da na raka ta bakin ƙofa ta ce mini, "Jininsa ba komai. Shirun nan ne ke cin Baba."

Wata Asabar malamin ya biyo ni gida karɓar takardu, don shago a rufe yake. Ya zauna a zaure suka gaisa da Baba, na miƙo masa aikin na tsaya daga bakin ƙofa. Ransa a ɓace yake, domin wanda zai fito a mai gida an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari, ga shi saura mako biyu a fara ɗauka. Yana duba takardun sai ya karanta layin mai gidan a fili: "Duk wanda ya karya dokar gidan nan zai fuskanci hukunci."

Baba yana jan carbi, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Wanga ɗan sanda ne ko mai gida?"

Malam ya ce, "Mai gida ne, Baba."

"Mai gida ba ya tsawa. Cewa zai yi, 'Ni dai ban kori kowa ba. Amma ƙofar nan da kuke gani, faɗinta ɗaya ne, shiga da fita.'"

Ya faɗe ta a sanyaye, yana ɗan karkatar da kai. Malam ya dube ni, na dube shi. Rabon da in ji Baba ya jera magana mai tsawon haka har na manta.

Nan take Malam ya fara roƙo. Baba ya ce sam. "Da furfurata in shiga wasan kwaikwayo? Mutanen masallaci su ce mi?" Sau uku Malam yana dawowa, sau uku yana tafiya hannu banza. Sista ce ta shawo kan abin. Ni na kai sunanta a ba ta matsayin nas, tunda aikinta ne. Ranar da ta zo awon jini, tana naɗa masa abin awon a damtse ta ce, "Baba, ni ma fa sun sa ni a wasan nan. Ban san kowa a cikinsu ba. In ka ƙi zuwa, wa zai tsaya mini?"

Ya bari ta kwance abin awon. Sannan ya ce, "To, ɗiyata. Rakiya dai zan yi maki."

A wani gidan haya na gaske da ke Ƙofar Sauri ake ɗaukar shirin. Kyamara ɗaya ce, makirufo kuma a ɗaure a kan gora wani yana riƙe da ita sama da kawunan mutane. Asabar yini ake yi, Lahadi kuwa sai Sista ta dawo daga coci. Akwai injin markaɗe a gidan da ke baya, in ya tashi sai kowa ya nemi inuwa ya zauna har mai shi ya gama. Daga baya aka ba matar mai injin fitowa ɗaya tana sallama a ƙofa, daga nan ita da kanta ke sa a kashe shi in za a fara.

Daga rakiya Baba ya zama mai gida, amma bai taɓa haddace layi ba. Cewa yake, "Ku dai gaya mani rigimar." In an gaya masa sai ya gyara zama ya shiga. Shekarun da ya yi a ƙofar gidan waya ya ji yadda mutum ke roƙo, da yadda ke ba da haƙuri ba tare da ya amsa laifi ba, da yadda ake ɓoye barazana a cikin gaisuwa. Duk ya kwaso ya zuba wa mai gidan nan. Sauran 'yan wasan sun sha wahala da farko, don ba su san inda zai tsaya su karɓa ba. A hankali suka koyi sauraron shi, wasan ya fi daɗi.

Ranar da aka fara nunawa babu wuta a unguwarmu. Muka zauna gaban talabijin baƙi ƙirin muna jira. Da na ga lokaci na wucewa na ruga shagon wani tela mai janareta, na samu minti biyar na ƙarshe da tallar sabulu. Na dawo na ce wa Baba ya yi kyau. Ya ce, "Sabulun ko ni?"

Ba mu san ana kallo ba sai a mako na uku. Sista ta ce a asibiti masu jiran likita sun hana a canza tasha. Matan unguwa suka fara sauke tukunya da wuri su taru a gidan da ke da wuta. Babu mai kiran shirin da sunan da Malam ya sa masa, kowa "wasan azahar" yake cewa. Maza kuwa duk sun ce ba su kallo, amma ba abin da ya wuce su. Mutanen masallacin da Baba ke jin nauyi, ɗaya daga cikin dattawansu ne ya ja shi gefe bayan la'asar ya ce, "Malam, wai baiwar Allah mai ɗinkin nan, barin ta za ka yi ta zauna ko kuwa?"

A makon ne aka nuna mai gida ya kulle famfo, ya kuma ce mai ɗinki ta nemi wani wuri. Akwai wata Bafulatana dattijuwa da ta daɗe tana kawo mana nono daga rugarsu ta bayan gari. A gidan wata da take sayar wa nono take tsayawa ta kalli wasan. Ranar Talata da hantsi ta yi sallama, ta tarar da Baba a zaure, amma ba ta sauke ƙwaryar ba.

Ta ce, "Malam, yau ba ni sayar maka."

Ya ce, "Lafiya? Mi na yi?"

"Kai da muke yi wa kallon mutumin kirki, ka hana marayu ruwa?"

Na leƙo na ce, "Inna, ai wasa ne."

Ta ce, "Na san wasa ne, ni ba yarinya ba ce. Amma an gaya mani shi ba a rubuta mashi magana, daga cikinshi yake fiddo ta. To a ina ya aje irin wagga mugunta duk shekarun nan?"

Baba ya dube ta, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya cire hula yana share hawaye da ita. Ni kuma na koma ciki na zauna a bakin murhu, nawa hawayen suka zubo, don tun ranar jana'iza ban ji wannan sautin a gidanmu ba. Ya yi mata alkawarin gobe Laraba zai buɗe famfon, ya san an riga an ɗauka. Sannan ta sauke ƙwarya ta auna, har da gyara. Ranar kwanonsa wayam ya dawo.

Wata huɗu da 'yan kwanaki shirin ya yi. Kakar siyasa ta kawo kai, lokacin da a da babu mai so ya zama ana rububinsa, Alhaji mai sabulu ya ce ba zai iya ja da masu neman kujera ba. Aka kira Malam aka ce saura fitowa ɗaya, ya naɗe labarinsa. Shi kuwa ya rubuta abin da zai kai shekara.

Muka taru a tsakar gidan Ƙofar Sauri. Malam ya ce hanya mafi sauƙi ita ce mai gida ya mutu, magada su sayar da gidan, kowa ya kama gabansa.

Baba ya ce, "A'a, Malam. Mutuwa ta ishe mu a gida, ba sai mun kai wa mutane ita cikin talabijin ba. Suna cin abincin rana fa suke kallonmu."

Ba wanda ya yi musu. A zaune a kan tabarma ni da Malam muka sake rubutawa. Muka sa matar bakanike ta haihu, aka yi suna a tsakar gida, kowa da kowa ya fito, har matar mai injin markaɗe. Abincin da aka ci a gaban kyamara na gaske ne, Sista ce ta dafa shinkafar. Sauran zaren labarin duk muka bar su a sake. Akwai wata wasiƙa da aka aiko wa nas wadda ba a taɓa buɗewa ba, an fi wata shida ana tare Sista a kasuwa ana tambayarta abin da ke ciki.

Malam ya zagaya wasu tashoshin bai dace ba. Daga baya kwamfutar da aka adana shirin a ciki ta lalace, mai gyara ya ce ba abin da zai fito. Ya koma ajinsa, har yau shi ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarsu. Ni kuma wata mata mai shirya wasan rediyo ta nemo ni har shago, ta ce an ce mata ni ce na sa wa mai ɗinki baki. Rubutun wasan rediyo shi ne aikina yanzu. Sista ta yi ritaya ta koma Filato.

Na ji tsoron Baba zai koma gidan jiya, amma bai koma ba. Mutane sun riga sun saba tsayar da shi a hanya. Wasu har suka fara kawo masa rigimarsu ta gaske, mai gida da ɗan haya, ko maƙwabta a kan magudanar ruwa. Yakan ce masu shi ba alƙali ba ne, sannan ya sa a shimfiɗa masu tabarma.

Bara, wanda ya fito a bakanike, wanda a zahiri kafinta ne, ya zo da murna bayan la'asar. Yana neman wani abu a cikin tsohuwar wayarsa ya ci karo da fitowa uku da ya ɗauka daga fuskar talabijin ɗinsa. Hoton dishi-dishi ne, yana rawa, ana jin muryar iyalinsa suna gardama a kai. Muka kira Malam ya zo a kan babur, muka kira Sista a waya muka ajiye ta a tsakiya tana ji. Idon Baba ya yi rauni yanzu, sai da ya kai wayar dab da hancinsa. Ya daɗe yana kallo.

Can ya ce, "Wa ya bar ni na fito da hula a karkace haka?"

Sista ta ce daga cikin waya, "Baba, mun faɗa maka, ka ce haka masu gida ke yi."

Ya miƙa wa kafinta wayar ya ce, "Maido mani shi daga farko."