Sabuwar Fuska Don Kunnen Adda

Adda ita ce babbar yayata, kuma tun ina firamare muryarta take fita a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Bauchi. Shirin safe take yi. Gaisuwa, labarin kasuwa, hira da manoma, wani lokaci ta juya zuwa Fulatanci idan wani dattijo ya bugo waya daga ruga. Da na gama karatun kwamfuta a jami'ar da ke Gubi ina zaman jiran aiki, ita ta kai ni wurin manajansu ta ce a gwada ni. Abin da suke so 'yar manhaja ce wadda mai gabatarwa zai jera taken shiri da tallace-tallace da waƙoƙi a ciki, ya danna kowanne ya fita a lokacin da yake so.

Da harshen kwamfuta na Python na rubuta ta. Harshen yana zuwa da nasa kayan zana fuskar manhaja, wato tagogi da maɓallan da mutum yake gani a allo, ba sai ka nemo daga waje ba. Da su na yi aiki, don su na iya. Fuskar ta fito toka-toka, maɓallan kamar bulon da aka jera a rana. Ma'aikata suka yi ta tsokanata, amma manhajar ba ta taɓa maƙalewa ana tsakiyar shiri ba, don haka aka saba da muninta. Ni ma na sami aiki a wani wurin, na manta da ita.

Bayan wasu shekaru idon Adda ya fara ja baya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Da farko gefe-gefe ne ya tafi, tana ganin abin da ke gabanta kamar ta cikin bututu. Daga baya bututun ma ya toshe. Ba ta yi dogon zaman makoki ba. Ta koyi amfani da manhajar nan mai karanta wa makafi abin da ke kan allo, ta saba da ita a waya, ta saba da ita a kwamfuta, har tana ƙara mata sauri yadda ni ba na iya tsintar kalma ɗaya.

Wata Asabar ta kira ni gidanta a Gwallameji. Na same ta a tsakar gida da kwamfuta a cinya.

"Auta, zauna ka ji wani abu," ta ce.

Ta cire abin sauraren da ke kunnenta don ni ma in ji. Ta buɗe saƙonninta, muryar ta karanto. Ta buɗe labarai, ta karanto. Sai ta buɗe manhajata. Muryar ta faɗi sunan tagar, daga nan ta yi tsit. Adda ta yi ta danna maɓallan kwamfutar, sama da ƙasa, babu ko tari.

"Kowa yana yi mini magana a cikin kwamfutar nan, ban da ɗan'uwana," ta ce, tana murmushi. Murmushin bai kai ko'ina ba.

A nan ta gaya mini cewa manaja ya ba ta zaɓi biyu: ko a zaunar da wani kusa da ita yana danna mata, ko ta koma shirin da ake naɗa a ajiye. Ya faɗa cikin ladabi, kuma ba shi da wata mafita. Sun gwada na farkon. Wanda aka sa ya danna mata mutumin kirki ne, amma ko ya riga ta ko ya makara.

"Idan na gama magana da wanda ya rasa shanunsa, akwai ɗan shirun da nake bari kafin waƙa," ta ce. "Ni kaɗai na san tsawonsa. Ba zan iya koya wa yatsan wani ba."

Da na bincika sai na gane matsalar. Kayan da na yi amfani da su suna zana maɓallansu ne da kansu, kamar hoto, ba sa gaya wa kwamfutar cewa wannan maɓalli ne, ga sunansa. Mai ido yana gani, amma mai karanta allo fili kawai yake tararwa.

Na fara neman gajeriyar hanya. Na ce bari in sa manhajar ta riƙa magana da kanta, duk maɓallin da aka taɓa ta faɗi sunansa. A ɗakina abin ya yi kyau. Da muka kai situdiyo, muryar manhajar tawa ta bi hanyar da waƙoƙi suke bi maimakon ta shiga kunnen Adda. Tana tsakiyar gaida masu sauraro sai ga wata murya ta ƙarfe ta faɗa wa duk Bauchi, "Tallan taki." Adda ta wuce kamar ba a yi ba. Da aka tashi manaja ya kira ni gefe.

"Malam, ka ga dai abin da ya faru. Ba na son in matsa mata, amma ba zan iya barin gwaji a kan iska ba."

"Yallaɓai, a ba ni zuwa ƙarshen wata," na ce. Ya amince.

Abin da nake gudu shi ya rage: in cire tsofaffin kayan gaba ɗaya, in sake gina fuskar da wasu kayan daban, waɗanda suke aron maɓallan kwamfutar na asali, masu suna, waɗanda mai karanta allo ya sani. Da na buɗe tsohon aikina sai na tarar da rikici. Na rubuta shi ina ɗanye, na cakuɗa abin da ke kunna sauti da abin da ke zana maɓalli, kamar zaren da kaza ta shiga. Sai da na warware su ɗaya bayan ɗaya kafin in ɗora sabuwar fuska.

Kullum na tashi aiki sai in hau keke napep zuwa Gwallameji, mu zauna daga la'asar zuwa magariba. Doka ɗaya ta kafa mini: in kashe hasken allon idan muna gwaji. Ta ce muddin ina gani, zan riƙa yi wa kaina uzuri. Haka na zauna gaban baƙin allo ina lalube a cikin abin da ni na gina, ina ɓacewa. A nan na gane jerin da na yi wa maɓallan ba shi ne jerin da take bi a shiri ba. Ta ce taken shiri ya zo farko, sannan waya, sannan talla, maɓallin tsayarwa kuma ya kasance inda ɗan yatsanta yake hutawa.

Muryar mai karanta allon ta Turanci ce, Hausa tana ba ta wuya. "Waƙa" takan fito wani iri, har 'ya'yan Adda suna kwaikwaya a kicin. Muka riƙa lanƙwasa rubutun sunayen a ɓoye, inda ido ba ya gani, har ta riƙa faɗar abin da kunne zai gane. Sauran ma'aikatan kuma na bar musu kowane maɓalli a wurin da suka san shi, don kada gyaran mutum ɗaya ya rikita saura.

Ranar da za ta fara amfani da ita kai tsaye, ta hana ni zuwa.

"Idan kana nan zan riƙa jin numfashinka. Tafi harkarka."

Ban iya zuwa ofis ba. Na sauka a Kasuwar Muda Lawal, na tsaya a rumfar wani mai hatsi da ya kunna rediyo, ina juya gero a hannu kamar mai saye. Taken shirin ya shigo daidai. Ta yi sallama, ta ɗauki waya, ta saki talla, ta dawo. Can wata mata ta bugo tana ba da labarin ruwan da ya cinye mata gona. Adda ta yi mata jaje, ta yi addu'a, sai ta yi shiru. Shirun ya ɗan ja, sannan waƙa ta shigo a hankali.

Ban san na zauna a kan buhun mutumin ba sai da ya ce, "Alhaji, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, a auna mini gero. Ban ma san abin da zan yi da shi ba.

Da aka tashi shirin ta kira ni. Na ɗauka ina jiran yabo.

"Auta, maɓallin rage sauti yana saurin sauka. Ka zo da yamma ka gyara."

"To, Adda. Sauran fa?"

"Sauran lafiya. Manaja ya ce in ci gaba." Ta ɗan tsaya, na ji tana shan ruwa. "Ka zo da wuri, na sa a dama fura."

Na saɓa ledar gerona na fita bakin titi neman keke.