Wutsiyar Fayilolin Mama

A shagon buga takardu na kusa da tashar jirgin Kafanchan, kujera ɗaya ce a gaban kwamfuta, kuma Mama ce a kai. Inyamura ce, mijinta direban jirgi ya rasu, ta tsufa tana buga tafireta a ofishin reluwe. Ni kuwa, da satifiket ɗina na kwamfuta daga Kaduna, injin fotokwafi aka ba ni. Abin yana ci mini rai.

Mama tana da nata tsarin. Haruffa ukun nan na bayan ɗigo a sunan fayil, waɗanda muke kira wutsiya, ita take ƙirƙirar abinta: na takardun coci daban, na dillalan cittar Kachia daban, na ɗalibai daban. Tsohuwar na'urar ba ruwanta. Sabuwar da Oga mai shagon ya sayo a ƙarshen shekarun casa'in kuwa, da wutsiya take gane irin fayil. Aka zura faifan da ayyukan suke ciki, na'urar ta ce ba ta san ko ɗaya ba.

Ɗalibai suka cika shagon, kowa na neman aikinsa na kammala makaranta. Oga ya daka wa Mama tsawa a gabansu, ya ce ta lalata aikin mutane. Mama ta juyo gare ni.

"Yarona, kai ya yi makarantan wannan abu. Duba mini, don Allah."

Na duba. Na leƙa cikin fayil guda, alamar da ke farkonsa ta nuna mini rubutu ne lafiya lau. Wutsiyar kawai za a canza, aikin minti biyu. Na ɗago kai na ce, "Mama, sai haƙuri, sun mutu."

Oga ya sallame ta nan take. Kafin la'asar na canza wutsiyoyin, komai ya buɗe, ɗalibai har da tafi. Kujerar ta zama tawa, kuma gaskiya na ji daɗinta.

Bayan sati guda sai ga Mama da ƙullin gyaɗa soyayya. Ta ji labarin wai na ta da fayilolin.

"Ka wanke sunana, yarona. Yesu ya sa maka albarka."

Na ce amin. Na karɓi gyaɗar da hannu biyu, na cinye ta tas.