Salansar da Ta Toshe Mini Kunne

Na ƙona motata, na kuma nakasa wani dattijo da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Shekara shida ke nan. Ko zan manta sunana, ranar nan ba za ta fita daga kaina ba.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Mota na sani. Na fi shekara ashirin ina tuƙa ta mutane kafin Allah ya ba ni tawa, wata tsohuwar akori-kura mai shan gas. Da ita nake bin kasuwannin ƙauye daga Azare, in je Chinade, in je Yana, in shiga rugage inda babbar mota ba ta iya shiga. Gero, wake, awaki, mutane, duk abin da ya samu ɗauka nake.

Aibinta ɗaya, salansarta a ƙasa take sosai. Da damina in na faɗa kwari mai ruwa, sai bututun ya nutse, ta yi ta tari, wani lokaci ta mutu a tsakiya. Sau biyu kututture yana fizge mini ita. Direbobin tasharmu suka sa ni gaba. Kullum na shigo sai wani ya ce, "Ga mai tsohuwa nan, a ba shi hanya kada ta shiɗe." Wata rana babbansu a surutu ya dafa ni ya ce, "Kai ma da son wahala kake. A yanke tukunyar nan mai haɗiye ƙara, a ɗaga bututun sama ta bayan kai kamar na tirela. Za ka ji ta buɗe. Ruwa kuma sai dai ya gan ka."

Na kai ta wurin wani mai walda, mutumin kudancin Bauchi, Kirista, ya daɗe a Azare. Ya shiga ƙarƙashinta ya duba, ya fito yana goge hannu.

Ya ce, "Oga direba, ɗagawa zan ɗaga maka. Amma ka bar tukunyar. Kuma sai na yi wa bututun rigar ƙarfe, don ta jikin bodi zai bi. Me kake ɗauka a bayan nan?"

Na ce, "Komai."

Ya ce, "To, cikin komai ɗin nan akwai mai kama wuta. Bar mini ita zuwa jibi."

Na ce, "Gobe kasuwa ce. Yi abin da na ce."

"Ni dai na faɗa maka."

"Walda na kawo maka, ba wa'azi ba."

Ya ɗauko kayan aikinsa. Ya yanke, ya lanƙwasa, ya liƙa. Kafin la'asar na ja motata, bututu tsirara a tsaye a bayan kaina, yana aman baƙin hayaƙi sama.

Gaskiya daminar nan na ji daɗi. Kwarin da wasu ke tsayawa suna auna shi da sanda, ni faɗa masa nake in fito. Ƙara kuwa, tun ina bayan gari ake sanin ni ne. A tasha suka daina cewa tsohuwa, suka koma cewa jirgi. Ina ɗan shekara hamsin, wannan abin ya fasa mini kai. In na dawo gida kunnena ya yi ta ƙugi, uwargida ta yi magana sau biyu kafin in ji. Ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Kaka ta zo, aka cire wake. Akwai wani dattijo Bafulatani a wata ruga gaba da Chinade, Baffa nake ce masa. Tun ina tuƙa motar mutane ni ke ɗaukar masa kaya. Ban taɓa barin gidansa da yunwa ba. Shekarar nan ya tara harawa mai yawa, yana so a kai Azare wurin masu kiwon raguna. Bayan azahar muka yi lodi. Harawa ba ta da nauyi, don haka tula ta ake yi sama, ta fi kan mota tsawo, ta fito gefe da gefe har ta rufe madubi. Haka kowa ke yi, haka na saba. Da muke ɗaure igiya na ga dami ɗaya ya jingina da bututun. Na tura shi da ƙafa, na ce a raina ai tafiyar ba nisa.

Na ce, "Baffa, shigo gaba."

Ya ce, "A'a, ɗana. Mai kaya a kan kayansa yake zama. In ɗauri ya kwance wa zai gani? In na ga wani abu zan buga maka."

Dokar hanyar ƙauye ke nan. Wanda ke baya in yana son a tsaya, kan mota yake bugawa, direba ya taka birki. Baffa ya hau da sandarsa ta kiwo, ya zauna ta gaba inda za ta kai rufin.

Akwai wani wuri mai yashi, doguwar tafiya, sai da ƙaramar giya ana ba ta wuta sosai. A nan ƙarfe ke yin zafi, a nan kuma gargada ta mayar da damin inda na ture shi. Wannan daga baya na gane. A lokacin ni dai ina riƙe da sitiyari, mota na ruri. Na wuce wasu mutane a gona suna ɗaga hannu suna tsalle. Na ɗaga musu hannu ni ma, har da oda. Na ɗauka jirgi suke yi wa kirari. Na wuce wasu mata da itace a ka, sun jefar da itacen suna nuna ni. Na ce yau kuma mutane sun ga abin kallo. Iska tana kai hayaƙin baya, madubi a rufe, ban ga komai ba.

Sai da wani mai babur ya sha gabana ya gitta, na tsaya ina zaginsa. Ina kashe mota na ji ƙarar wutar. Na fito, rabin lodin ya kama. Na yi ihu, Baffa! Na kama igiya ina ja da hannu, ina neman hawa. A nan hannuna na dama ya tafi, yatsu uku har yau a naɗe suke. Mai babur ɗin ya fizgo ni ya ce, "Ba ya sama! Tun can baya ya diro!"

Na bar motar tana ci, na koma da gudu. Sai da numfashina ya ƙare kafin na kai. Yana kwance a gefen hanya, bayan rigarsa ya cinye, ƙafa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ya dube ni. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Na buga, ɗana. Na buga har sandar ta tsage."

Bayan kwana biyu aka jawo gawar motar. Na sa aka ɗaga ni na duba rufin. Duk ya lotsa, wuri-wuri, sawun sanda. Tazarar da ke tsakanin rufin nan da kaina ba ta kai taƙi biyu ba.

Ƙugun Baffa ne ya karye. An yi ɗori bai kama ba, an kai asibiti aka ce an makara. 'Ya'yansa suka so kai ni wurin hukuma, ya hana. Ya ce ƙaddara ce, kada wanda ya taɓa ni. Da sun ɗaure ni da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya yi rayuwarsa a bayan shanu ya koma ana fitar da shi rana a kan tabarma, ana mayar da shi inuwa. Shekara uku ya yi a haka, Allah ya karɓi abinsa.

A tasha kuwa, wanda ya dafa ni ya ce a yanke, shi ya fi kowa cewa, "Ai mun faɗa masa." Ko sannu ba su zo mini ba. Mai waldan nan kaɗai ya zo asibiti, da lemo a leda. Ya zauna, ya yi mini sannu, ya tashi. Bai tuna mini da komai ba.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma da tsada na saye shi. In mai sana'a ya ce ka dakata zuwa jibi, ka dakata. Masu zuga ka ba za su shiga wutar da kai ba. Kuma direban da ba ya jin abin da ke faruwa a bayansa, bai kamata a ba shi ran mutum ba.

Ban sake riƙe sitiyari ba. Yanzu ina gadin wani siton hatsi a kasuwar Azare, a kan benci, da hannu ɗaya da rabi.