Wasiƙar Ɗaki Na Sha Huɗu

Ranar Litinin, 23 ga Yuni, 2014, da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, na fara ganin Baba Jona. Na san lokacin ne domin na rubuta shi. Ni ne akawun teburin karɓar baƙi a tsohon otal ɗin da mutanen Maiduguri ke kira Gidan Tsamiya, kuma tun da na kama aiki a 2009 babu wanda ya sauka ko ya tashi ban sa shi a littafi ba.

Da ƙafa ya shigo, babu jaka, sanye da takalmin roba da wata riga mai dogon hannu da ta yi kwanaki a jikinsa. Bai tsaya kallon falo ba kamar yadda baƙi ke yi. Ya ɗaga kai ya dubi babbar fankar sama da ta daina juyawa, ya ce, "Har yanzu ba a gyara wannan ba?" Sannan ya gaishe ni, ya tambayi manaja.

An gina otal ɗin tun kafin a haife ni. Ɗakuna arba'in gare shi, da doguwar baranda, da ɗakin cin abinci mai ɗaukar mutum ɗari biyu. A da, idan jami'a za ta yaye ɗalibai, sai mai hanya ke samun ɗaki, malamai daga Zariya da Ibadan suna kai-kawo da manyan riguna a hannu. A shekarar da nake magana kuwa, ɗakuna biyar ko shida ne ke da mutane, 'yan jarida da ma'aikatan agaji. An rufe ɓangaren yamma gaba ɗaya, daga ɗaki na sha ɗaya har na ashirin da huɗu. Wurin ninƙaya na siminti ya bushe, ganyen dogon yaro ya cika shi.

Manajanmu, Alhaji Tahir, yana fitowa ya riƙe hannun dattijon da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. A nan na ji ko wane ne. Baba Jona ya yi shekara ashirin da takwas yana kuku a wannan otal, daga 1976 zuwa 2004, sannan ya koma ƙauyensu a kudancin Borno yana noma, shi da matarsa Agnes. Allah bai ba su haihuwa ba. Kwana tara kafin zuwansa, mahara suka shiga ƙauyen da safiyar ranar kasuwa. Shi yana gona, ita tana kasuwa. Ya gudu yamma tare da waɗanda ya gani, aka ce matan ƙauyen sun yi wajen dutse. Wayarsa ta ƙone a ɗaki, ita kuwa ba ta taɓa riƙe waya ba.

Alhaji Tahir ya ce, "Baba, ɗakuna ga su nan babu kowa. Zaɓi wanda kake so, ka zauna har ka gaji."

Bai yi tunani ba ya ce, "Na ƙarshen baranda, mai taga kan tsamiya."

Na ciro makulli na tara, na rubuta sunansa. Da na zo wurin ranar tashi, sai ya ɗora yatsa a kan takardar ya ce, "Bar nan fili, Akawu. Ina jiran saƙo daga gida. In ya zo ka ba ni." Na ce to. Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

A bayan teburina akwai allon katako mai gurabe arba'in, kowane ɗaki da gurbinsa, inda ake rataye makulli. Ƙa'idar da na tarar ita ce, duk saƙon da ya zo, a shigar da shi littafin saƙonni, a sa shi a gurbin ɗakin da aka aiko wa. Ban taɓa saɓa mata ba.

Kullum bakwai da rabi na safe Baba Jona yana tsaye a gabana.

"Akawu, akwai?"

In juya in dubi gurbi na tara. "Babu, Baba."

"To, Allah ya kai mu gobe."

Daga nan ya fita. Yakan bi tashoshin mota da sansanonin 'yan gudun hijira da harabar coci-coci, yana tambayar duk wanda ya ji yana yarensu. Kafin dokar hana fita ta soma, ya dawo. Bai iya zaman baƙo ba sam. Da kansa yake gyara gado, da kansa yake wanke rigarsa ya shanya a bayan ɗaki inda ba a gani. A ɗakin cin abinci, tebur hamsin babu kowa, amma sai ya zauna a na bakin ƙofar kicin, a gefen kujera, kamar wanda za a kira yanzu.

Ba'ana, kukunmu na yanzu, shi ya fi shan wahalarsa.

"Ba'ana, wannan miya ce ko ruwan wanke tukunya?"

"Baba, naman nan kenan da aka samu. Zamaninku ya wuce."

"A zamaninmu da mun ba ka ferayar albasa shekara biyu kafin ka taɓa ludayi."

"Wushe, sannu, farfesan miya. Ka ci, ko ka bari in ba mage."

Yakan cinye tas. Da azumi ya kama kuwa, sai ya ƙwace kicin ɗin da la'asar. Ya ce, "Kauce, mai azumi ba ya sanin gishiri." Shi ya riƙa dama mana kunu yana suyar ƙosai, yana ɗanɗana mana. Idan aka kira salla muka zauna shan ruwa, sai ya ɗauki nasa ya koma gindin tsamiya shi kaɗai. Mun kira shi har mun gaji.

Ranar Laraba, 9 ga Yuli, da ƙarfe uku saura ashirin, wani direban motar haya ya kawo ambulan mai ruwan ƙasa, ya sha ninki, gefensa duk maiƙo. Babu suna a kai. Abin da aka rubuta kawai shi ne sunan otal, sai "Ɗaki na 14". Na tambaye shi wa ya aiko. Ya ce shi hannu na uku ne, a tashar Gombe wani direba ya ba shi. Ɗaki na sha huɗu yana ɓangaren da aka rufe. Na ɗauka na wani ma'aikacin agaji ne da ya taɓa sauka can, wata rana zai dawo. Na shigar da wasiƙar littafi, na sa ta a gurbi na sha huɗu, ta kwanta a bayan makulli. Baba Jona bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya, domin shi a littafina yana tara.

Ranar Ƙaramar Salla ni ke aiki. Ba a yarda motoci su yi yawo ba, gari ya yi tsit, otal ya fi shi. Da hantsi na kai masa burabusko da nama gindin tsamiya, na ɗan zauna. A ranar ce ya fara yi mini maganar matarsa.

Ya ce, "Ka san na dafa wa gwamnoni da Turawa a gidan nan. Amma shekara talatin da biyu, matar nan ba ta taɓa barina na taɓa tukunyarta ba. Wai ni abincin baƙi na iya, ba na mutane ba." Ya yi 'yar dariya. Can ya ce, "Ƙafarta ta hagu ba ta da ƙarfi. Ita nake tunani, a kan dutsen nan."

Na ce Allah zai bayyana ta. Ya ce amin. Muka zauna muna kallon ƙadangaru suna hawa bangon ɓangaren yamma.

Ranar Talata, 19 ga Agusta, aka yi ruwa mai ƙarfi da asuba, rufin sito ya yi yoyo a kan tsofaffin littattafan baƙi. Da rana ta fito na kwaso su na jera a baranda su sha iska. Baba Jona ya zo yana taya ni. Ya ɗauki wani mai jan bango ya matso da shi kusa da ido, domin tabaransa ma ya tafi tare da gida.

"Wannan na wace shekara ne?"

"1981, Baba."

"Buɗe mini Disamba. Sha biyu ga wata."

Na buɗe. Da tawada mai shuɗi, da rubutun wani akawu da ban sani ba, ga abin da ke wurin: "Jona, kuku, da amaryarsa Agnes. Ɗaki na 14. Kwana ɗaya, kyautar manaja." Na karanta masa. Ya yi murmushi yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Shi ke nan kwananmu a otal, ni da ita, tun da aka haife mu. Ta ƙi hawa gadon, wai ya yi fari da yawa. Shi ya sa na ce ka ba ni shi."

Na ce, "Baba, ai kai kana tara."

"Sha huɗu dai. Shekara nawa ina kai shayi ɗakin nan?"

"Makullinka tara ne."

"Na gani. Na ɗauka makullan kuka sauya."

Lambar ƙofar ɗakin ta faɗi tun shekarar da ta gabata, kuma ni da hannuna na rubuta haka a littafin gyare-gyare. Alhaji Tahir ya tabbatar mini daga baya cewa a 2007, da aka yi fenti, an sake lambobin ɗakuna, aka sauya tsarin ƙirga. Tsohon sha huɗu shi ya zama tara. Ni ban sani ba, domin ban zo ba tukuna. Amma a lokacin ban jira kowa ya tabbatar mini ba. Na tashi na tafi teburina, na sa hannu a bayan makulli na sha huɗu. Wasiƙar tana nan yadda na ajiye ta, ƙura ta hau.

Ya biyo ni. Ya juya ambulan ɗin a hannu, ya miƙo mini ya ce in karanta. Daga Agnes ce, wani ne ya rubuta mata da Hausa, layi biyar:

"Ina raye. Ina Mubi a harabar coci tare da mutanenmu. Ƙafar da sauƙi. Zan jira ka har ƙarshen watan bakwai, daga nan za su tsallaka Kamaru, ni kuma ba zan iya zama ni kaɗai ba. Ka nemi maganinka ka riƙa sha."

Ya ce in sake karantawa. Na sake.

A tsaye ya yi mini bayani, a hankali, kamar ni ne mai bukatar lallashi. Tun bara, da rikici ya matso kusa da su, suka yi alkawari: in gudu ya raba su, a aika saƙo ɗakinsu na otal. Ba ta sa suna ba domin a hanyar nan takarda mai suna tana iya jawo wa mai ɗauke da ita bala'i.

Na ce, "Baba, da ka faɗa mini lambar."

Ya ce, "Haba Akawu. Yaya zan yi da sa'an ɗan cikina maganar ɗakin amarci?" Sannan ya dubi littafin saƙonni. "Ka rubuta ranar da ta zo?"

"Na rubuta."

"Karanta mini."

Na karanta masa rana da lokaci.

"Kwana nawa ke nan?"

"Arba'in da ɗaya."

Ya daɗe yana kallon allon makullai. Ya ce, "Kullum ina tsaye a nan, ita tana bayanka." Na soma ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu ya ce, "Lambar da aka ba ka ita ka bi. Ka dai ba ni takardata." Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya ɓalla maɓalli a kai.

Washegari, 20 ga Agusta, da ƙarfe bakwai saura minti goma, ya ajiye makulli a teburina. Ba'ana ya ƙulle masa dambun nama a leda, ya karɓa ya sunsuna ya ce yaji ya yi yawa. Na cike filin ranar tashi. Da na leƙa ɗakin, gadon a gyare yake, tagar da ke kan tsamiya a buɗe.

Hanyar kai-tsaye ba ta biyuwa a lokacin, sai ya zagaya ta Damaturu da Gombe da Yola. A rana ta uku ya isa Mubi, ya tarar mutanensu sun tsallaka da mako uku. Ya bi su, ya yi makonni yana tambaya a hayin iyaka, bai same ta ba. Wasu sun ce sun gan ta a hanya, wasu sun ce wata ce mai kama da ita. Ya dawo Mubi ya zauna ko za ta aiko, har ƙarshen Oktoba da aka shiga garin, ya fita da ƙafa tare da jama'a zuwa Yola.

A watan Maris na 2015 ya komo Maiduguri. Alhaji Tahir ya sake ba shi ɗakin, ya ƙi. Ya zauna a harabar wani coci tare da mutanen yankinsu, yana dafa musu abinci a babbar tukunya. Kowace Litinin da safe yakan zo ya tsaya a gabana, in duba tara, in duba sha huɗu, in ce babu. Ya rasu ranar Talata, 6 ga Fabrairu, 2018, bayan jinyar kwana huɗu, aka binne shi a nan garin. Ni da Ba'ana mun je. Wasiƙa ta biyu ba ta zo ba, kuma har yau da nake wannan rubutu ba a ji labarin Agnes ba.