Wasiƙar da Na Ɗaure da Baƙin Zare

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ban da yammacin Alhamis ɗin da na kusa tayar da maƙwabtanmu daga gida saboda rabin takarda. Yanzu ina ajin ƙarshe a sakandare, amma duk sanda abin ya faɗo mini a rai sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Lokacin ina aji huɗu a firamare. Gidanmu yana unguwar Ƙofar Ran, gidan Kakata ne ta wajen uba. Mu ne a ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren kuma 'yan haya, Kiristoci daga kudancin jiharmu, waɗanda suka shigo gidan tun kafin a haife ni. Maigidan kafinta ne, muna kiransa Baban 'yan biyu. 'Yarsu ta fari sa'ata ce, kuma ita kaɗai ce ƙawata, don ni yarinya ce mai kunyar tsiya. Na taɓa ɗaga hannu a Islamiyya zan yi tambaya, malami na juyowa na yi kamar hijabi nake gyarawa.

Wata rana muna ɓare gyaɗa a bakin rijiya, ƙawata ta ce an gaya musu a coci cewa Allah yana jin addu'ar kowa. Na ce mu ma haka aka gaya mana.

"To idan ni da ke muka roƙa lokaci ɗaya, wa zai fara ji?" in ji ta.

Ita ta yi tambayarta ta ci gaba da cin gyaɗa, ni ta bar ni da aiki. Tambaya ta haifi tambaya, har na kai ga wadda ta tsorata ni: shin ma yana nan da gaske? Wannan ba maganar da zan iya kai wa Umma ba ce, balle Kaka, wadda ko takalmi ta gani a kife sai ta yi istigifari. Sai na yanke shawarar in tambayi mai abin da kansa.

Na yagi rabin shafi daga littafin lissafina na rubuta wasiƙa. An koya mana cewa takardar da ke da sunan Allah ba a barinta a ƙasa, ɗagawa ake yi a soke a jikin bango. Don haka na ninke ta har ta koma kamar ƙwayar dabino. Damina ce, sai na naɗe ta a leda kar ta jiƙe. Na ɗauki ragowar zare a aljihun Baba, wanda tela ne a kasuwar Wunti, aka yi rashin sa'a baƙi ne, na ɗaure ta tamau, ƙulli a kan ƙulli. Na kifa turmi na hau, na cusa ta a wata kafa da ke saman ƙofar ɗakin Kaka, don a ganina nan ne ya fi kusa da sama a duk gidan.

Kwana huɗu ina leƙa wurin ko amsa ta iso. A rana ta biyar, bayan la'asar, Kaka ta fito da doguwar tsintsiya tana share yanar gizo. Ina zaune ina tsince shinkafa na ga wasiƙata ta faɗo, ta daki ɗankwalinta, ta gangara tsakar gida.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a, ku fito! An gama da ni!"

Umma ta fito da muciya a hannu. Maman 'yan biyu ta fito da kumfar wanki har gwiwar hannu, tana ganin ƙullin baƙin zare ta yi tsalle baya tana cewa, "Yesu! Hajiya, kar ki taɓa!" Kaka ta rarumi kwano ta kife a kai kamar an kama kunama, ta ɗora dutse a bisa.

Nan take kowa ya gano asalin damuwarsa. Kaka ta ce ga abin da ya kama mata gwiwa, gwiwar da na taso na tarar tana ciwo. Umma ta ce dama ta yi mamakin yadda kajinta suka daina ƙwai. Maman 'yan biyu ta ce sati guda ke nan tana mafarkin ana bin ta da gudu. Aka kira Baba a waya, ya taso daga shago a keke da abin awo a wuya, yana shigowa ya ce allura uku ya karya yau kaɗai. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina tsince shinkafar da babu sauran tsakuwa a cikinta.

Sai Kaka ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofar. "Wa ya hau nan?"

Kowa ya san amsar. Asabar ɗin da ta wuce Baban 'yan biyu ya kafa tsani a daidai wurin ya gyara mata ƙyaure, ko sisi bai karɓa ba. Aka aika aka kira shi. Ya shigo da fensir a bayan kunne da garin katako a gashin kai, yana murmushi, yana zaton ƙofar ce ta sake lalacewa.

"Ɗan nan, me na yi maka?" in ji Kaka. "Ni da nake ba 'ya'yanka ƙanzo da hannuna?"

Da ya fahimci zancen, sai murmushin ya bushe. "Haba Mama! Ni? Ni da ko ƙadangare ya shiga ɗaki sai matata ta kore shi? Allah yana gani!"

"Yana gani kam. Ƙarshen wata ku nemi wani gida."

Baba ya yi ta cewa, "Hajiya, a bi a hankali," amma wa ya isa ya tare Kaka in ta hau? A ƙarshe dai ya samu ta yarda a kira limamin ƙaramin masallacin unguwarmu, wani dattijo mai tabarau wanda maƙalinsa ɗaya ya karye. Malam ya shigo da sallama, ya sa aka ɗaga kwanon, ya juya ƙullin da tsinken tsintsiya yana karatu ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce, "Irin wannan ba sai an buɗe ba. A kawo garwashi."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Wuta za ta cinye wasiƙar, babu wanda zai taɓa sanin na tambayi Allah ko yana nan. Umma ta kawo kasko, garwashi ya yi jawur. Sai idona ya kai kan Baban 'yan biyu. Fensirinsa ya faɗi a ƙasa, bai ko sunkuya ya ɗauka ba. Ƙawata tana riƙe da zanin mamanta, hawaye na bin kumatunta, tana duban ɗakinsu kamar an riga an fara fitar da kaya. Na gane cewa in takardar nan ta ƙone, babu abin da zai sake wanke mutumin nan har abada.

Na ce, "Kar a ƙona." Ko ni ban ji kaina ba.

Malam ya ɗaga ƙullin da tsinke biyu, ya nufi kasko. Ban san sanda na miƙe ba, tiren shinkafa ya kife.

"Kar a ƙona! Akwai sunan Allah a ciki!"

Kaka ta juyo a hankali. "Ke kuma, uwar shiru, ya aka yi kika sani?"

"Ni na rubuta."

Malam ya dube ni ta saman tabarau. Ya karɓi almakashi a wurin Baba ya yanke zaren, ya warware ledar, ya buɗe takardar. A gefe ɗaya akwai lissafin da na ci biyu cikin goma. Ya juya ɗaya gefen, ya gyara murya, ya fara karantawa da irin muryar da yake huɗubar ɗaurin aure.

"Zuwa ga Allah. Bayan gaisuwa mai yawa. Na ɗaya, don Allah Kana nan da gaske? Na biyu, idan ni da ƙawata muka yi addu'a lokaci ɗaya, wa Kake fara ji? Na uku, me ya sa Ka halicci sauro? Na huɗu, idan Kaka tana gyangyaɗi da carbi a hannu, ana rubuta mata lada?"

"Ƙarya take yi!" in ji Kaka. "Lumshe ido nake yi!"

Malam ya ɗaga hannu, kafaɗarsa tana rawa. "Saura kaɗan, Hajiya. Ga ƙarshen wasiƙar: Ina jiran amsa kafin Juma'a. Kuma don Allah kar Ka gaya wa kowa."

Baba ne ya fara fashewa, ya dafa bango. Maman 'yan biyu ta zauna daɓas a kan turmi tana dariya tana share hawaye da hannun kumfa, kumfar ta shiga mata ido, ta koma kuka na gaske. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na jira mari, ko a ce na yi saɓo.

Malam ya yafito ni, na durƙusa a gabansa. "'Yata, ta uku ni ma ina jiran amsarta. Ta huɗu tsakaninki da Hajiya ne, ba ruwana. Ta biyu kuwa, Allah ba mai awon hatsi ba ne a kasuwa da zai ce wani ya jira ya gama da wani. Jin wannan ba ya hana Shi jin wancan."

"Haka mu ma aka koya mana, Malam," in ji Baban 'yan biyu.

"Saura ta ɗaya. Da kika hau kika ajiye takardar nan, wa ya gan ki?"

"Ba kowa."

"Da na ƙone ta, wa zai san ke ce?"

"Ba kowa."

"To me ya hana ki yin shiru?"

Na daɗe ina wasa da bakin hijabina. "Ji na yi kamar ana kallona."

"Wa?"

Sai kawai ya ninke wasiƙar ya sa mini a tafin hannu. "Gobe in tambaya ta dame ki, kawo mini. Tambaya ba saɓo ba ce. Amma ki zo da ita a baki, ban da zare."

Sannan ya juya wurin Kaka ya ce akwai wanda ke da hakki a kanta. Kaka ta yi ta gyara ɗaurin zani, ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, ƙofar nan da ka gyara ta yi kyau ƙwarai." Malam ya yi gyaran murya. Ta ce, "To, ka yafe mini. Sharrin gwiwa ne." Baban 'yan biyu ya durƙusa ya ce ya yafe, amma daga yau in ƙofar Mama ta lalace sai da shaidu biyu zai hau tsani. Har yanzu suna gidanmu.

Ba zan ce daga ranar tambayoyina suka ƙare ba. Wasu ma sun fi na da nauyi, kuma na daina jin kunyar kai su wurin waɗanda suka sani. Amma na koyi abu ɗaya da ya zauna mini. A tsakar gidan nan kowa ya kira sunan Allah, da Larabci da Hausa, da ƙarfi kuwa, duk da haka saura ƙiris a kori mutumin da bai ci ba bai sha ba. Ashe kiran sunan ba shi ne wahala ba. Amfanin addini yana bayyana ne a lokacin da shirunka zai rufa maka asiri ya tona na wani, babu mai ganinka cikin mutane, ka buɗe baki duk da haka. Ni a nan na fara sanin yana nan, shinkafa a warwatse a ƙasa.