Motar da Ta Fi Ƙarfin Lungunmu

Ina da gaggawa, kuma ba na son a gaya mini gaskiya idan na riga na sa kai. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗora wa lungunmu laifin abin da ya faru.

Sana'ata sayen tsofaffin a-kori-kura masu ƙofa huɗu, irin waɗanda masu aikin hanya ke jibgewa idan sun gama shan wahalarsu. Wadda ke da sauran numfashi in gyara in sayar. Wadda ta mutu murus in kwance ta, in kai kasuwar Ƙofar Ruwa gunduwa-gunduwa, wannan ya ɗauki giyabos, wancan ya ɗauki ƙofa. Abin da bai samu mai saye ba kuwa sai in kawo shi kangon da ke bayan gidanmu a Gwammaja. Komai a kura yake shigowa, ko a kan 'yan dako. Har shasi, wato ƙarfen da mota duka ke zaune a kansa, a karkace aka shigo da shi, mutane na riƙe da shi kamar an ɗauko ƙyaure.

Wata safiya na shiga kangon neman wani noti, na tsaya ina kallon tarkacen. Ga shasi jingine da katanga. Ga kan mota, kaji sun mai da kujerar baya wurin ƙwai. Ga bodin zuba kaya a kife, ga inji a ƙarƙashin buhu. Sai murna ta kama ni. Na ruga wurin yayana, wanda shi ne bakaniken inji a gidanmu, na same shi yana shan koko.

"Yaya, mota ce fa sukutum kwance a bayan gida!"

"Gawa dai," in ji shi. "Gawawwaki ma, na mutum biyar."

"To mu tashe ta."

Ya yi dariya har koko ya sarƙe shi, amma da la'asar sai ga shi da akwatin sifanu.

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na watannin nan ba. Da na idar da sallar asuba sai kango. Muka kankare tsatsa har hannuwana suka yi kanta. Ƙofofin nan huɗu kowace da launinta, ɗaya fara, biyu shuɗɗa, ɗaya kuma ba a san asalinta ba, amma ranar da na rufe ta ƙarshe na ji ta ce "ƙyas" daidai, sai da na buɗe na sake rufewa ya fi a ƙirga. Yaya ya wargaza inji a kan tabarma, yana wanke kowane ƙarfe da kananzir yana jerawa. Ni kuwa ko abinci aka kawo, a cikin motar nake ci, ina riƙe da sitiyarin da ba a ma haɗa shi da komai ba.

A daidai kwanar lungunmu akwai wani dattijo mai wankin hula, muna ce masa Baba. A dakalin ƙofar gidansa yake jera huluna su sha iska. Baƙin man da muke zubarwa ya bi kwata ya je har gabansa, ya yi magana, na ce masa kwata ba ta mutum ɗaya ba ce. Allah Ya yafe mini, sa'an mahaifina ne. Duk da haka wata rana ya leƙo kangon, ya daɗe yana kallon motar, ya ce:

"Ɗan nan, wannan amarya ta ina za a fitar da ita?"

Na ɗauka ba'a ce saboda maganar kwata. Ko ɗagowa ban yi ba na ce, "Ta inda ta shigo, Baba."

Ya ce, "To, Allah Ya sa alheri," ya tafi.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan nauyi. Muna kankare shasi muka ga tsaga a gefen dama, kusa da inda sifirin na baya ke kamawa, wato daidai inda nauyin kaya ke sauka. Yaya ya ce a samo ƙarfe mai kauri a yi masa faci ciki da waje. Wannan aiki zai ci kwanaki, ni kuwa na ƙagu in ga an ɗora kai. Da Yaya ya yi tafiyar 'yan kwanaki zuwa ɗaurin aure, na kira mai walda ya ja wuta sau ɗaya a kan tsagar, na shafe wurin da baƙin fenti mai kauri, muka ɗora kai da bodi. Da ya dawo ya tambaya, na ce an yi yadda ya ce.

Ranar da inji ya tashi, unguwa ta sani. Yaya ya murɗa makulli, ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake, ta yi tari biyu. A na uku ta ɗauka da wani ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe kangon, kaji suka haye katanga, aka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Na rungume Yaya da baƙin mai a jikina, shi kuma yana ta ihu, "Ji muryarta! Kai, ji muryarta!" Muka yi mata farin fenti da jan layi a gefe. Na ɗauki bidiyonta a waya na tura wa wani Alhaji mai fataucin albasa da ya daɗe yana neman irinta, don yaransa su zauna a kujerar baya, buhuna a bodi. Ya ce ranar Asabar yana tafe.

Asabar da hantsi muka cire kwanon da ya tare bakin kango. Na sa sabuwar riga, na shiga, na danna hon. Ta fito a hankali, mutane na tafi. Na miƙe lungu, madubai na kusan shafar bango. Da na iso kwana na karya sitiyari, sai na ji ƙarfe ya daki ƙasa. Hancinta na dama ya tokari dakalin Baba, gindinta na hagu ya manne da katangar maƙwabta. Na ja baya, na sake gwadawa. Na naɗe madubai. Na sake. Gumi ya jiƙa sabuwar rigar. Ƙofa ma ta ƙi buɗuwa, ta taga na fito.

Yaya ya ɗora hannu a ka. "Wata nawa muna aiki, babu wanda ya auna lungu a cikinmu?"

Baba yana zaune, ya tattara hulunansa a cinya. Na je na durƙusa, abin da ban yi ba tun maganar kwata.

"Baba, a yi mini rai. A bar ni in fasa dakalin, wallahi zan gina maka sabo da siminti."

"Dakali ai ƙasa ce, fasa," in ji shi. Ya miƙe, ya gwada sandarsa a tsawon motar, ya zo ya gwada a kwanar. "To bayan dakali zaure ne. Bayan zaure ɗakin iyalina. Su ma za ka gina mini da siminti?"

Aka fashe da dariya. Ana cikin haka sai ga Alhaji mai albasa ya shigo lungun da babbar riga, ya tarar da motarsa ta toshe hanya kamar an cusa toto a bakin kwalba.

"Wannan ce?" ya tambaya. "Ma sha Allah! Da lungun ake sayarwa?"

Baba ya dube ni. "Ba kai ne mai kwance su ba? A karkace ta shigo, a karkace za ta fita."

Haka aka yi. Muka tura ta baya zuwa kango, muka kama kwance abin da muka yi watanni muna ɗaurawa. Na zaci zan yi kuka, sai abin ya koma gayya. Teloli suka bar kekunansu, mai shayi ya rufe tebur, 'yan dako suka zo da kura biyu. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙofar da aka cire. Bodi ya fita a kan kafaɗu, inji a kura, kai kuma aka kwantar da shi a kan tsofaffin katifu aka ja. Baba ya hau dakalinsa yana ba da umarni da sanda: "Na gaba ku ɗaga! Kai mai jar hula, bangona!" Kowa na ihu, kowa ya zama injiniya.

Shasi ne ƙarshe. Aka ɗauko shi a karkace, a kwanar ya gogi bango, aka murɗa shi da ƙarfi ya wuce. Aka shimfiɗa shi a bakin titi cikin rana, ana ta barka. Sai na ga Alhaji ya tsuguna a gefen dama. Bango ya kankare baƙin fentin, murɗawar kuma ta buɗe waldar. Tsagar tana nan a fili, har ana hango ƙasa ta cikinta.

Yaya ya zo ya duba. Ya sa yatsa yana neman facin da na ce an yi. Ya ɗago ya kalle ni.

Na ce, "Ba a yi faci ba. Ni na rufe da fenti, na yi wa Yaya ƙarya."

Alhaji ya shafa tsagar. Sannan ya ce, "Buhun albasa har sama, yarana huɗu a baya, ga ramukan hanyarmu." Bai ƙarasa ba, ni ma ban iya ɗaga kai ba.

Na tabbata ciniki ya mutu. Amma ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce duk motar da ya taɓa saye a rufe ya saye ta, wannan ce kaɗai ya ga cikinta. Zai saya, da sharaɗin a yi facin a gabansa, kuma Yaya ne zai tsaya a kai, ba ni ba. Wannan "ba ni ba" ta fi mari zafi, kuma na cancanta.

A gindin darbejiyar bakin titi muka sake haɗa ta. Aka yi faci ciki da waje, Alhaji na zaune a benci yana kallo. Yaya bai yi mini magana ba sai ta aiki, miƙo wannan, riƙe wancan, kuma kowane noti na ɗaure sai ya bi da sifana ya sake gwadawa. Har yau haka yake yi, ban kuma taɓa cewa ya daina ba.

Da ta tashi karo na biyu, Alhaji ya ce a zaga da ita a ji. Na koma lungu na ɗauko Baba. Ya wanke hannu, ya zaɓi hula mafi kyau cikin na mutane ya sa, ya shiga kujerar baya ya harɗe. Yaya ne ke tuƙi. Muka bi ta gindin Dala, iska na shigowa, injin na ruri lafiya lau. Baba ya sauke gilashi ya leƙa, ya taɓo kafaɗata.

"Ɗan nan, gaya wa yayanka ya ƙara wuta mana. Nan ai babu kwana."