Amin na Biyu

Kafin in zo Malesiya, aikin rediyo nake yi a Kaduna. Ni ke fassara labaran duniya zuwa Hausa, in kuma karanta su da yamma. Da karatu ya kawo ni Kuala Lumpur na ɗauka na rabu da aikin ke nan, ashe sabo turken wawa ne. A dogon benen da nake haya a Setapak akwai matan Arewa da yawa, galibinsu matan malaman jami'a da na ɗalibai. Suna da zaurensu a waya, inda ake cigiyar daddawa da kuka, ana sanar da haihuwa da suna. Ni Kirista ce daga kudancin Kaduna, amma maƙwabciyata Hajiya ta sa aka shigar da ni, ta ce Hausa ai ba ta da coci ba ta da masallaci.

Hajiya Bakanuwa ce, ta girme ni, mijinta yana koyarwa a wata jami'a. Tana sama da ni a benen. Akwai wata shuɗiyar kula da ke kai da kawo tsakaninmu, har mun manta ta wace ce. Ta sauko da dambu ko tuwon shinkafa, ta hau da faten acca, don a wurinmu ba a mayar da kwano wayam. Lokacin da zazzaɓin sauron ƙasar nan ya kwantar da ni a asibiti, Hajiya ce ta zauna a kaina tana ɗura mini kunu tana yi mini faɗa. Ban da ita ba ni da kowa a garin nan da zan kira nawa. 'Yar rediyo take ce mini.

Da yaƙin Gaza ya ɓarke, duk inda ka duba a Setapak tutar Falasɗinu ce, a baranda, a jikin motoci, har a kedai, wato kantin da muke sayen shinkafa. Matan zaure suna ganin hotuna suna kuka, amma bayanin duk da Turanci yake zuwa. Sai suka roƙe ni in riƙa yi musu labarai. Kowace Juma'a da rana nakan zauna in tattara abin da na tabbatar, in naɗi muryata in tura. Suna girki suna saurare. Kuma ba na rufewa sai da addu'a ga waɗanda ke cikin wahala, kamar yadda muka saba a gida, su kuma su jero amin a ƙasa.

Hajiya kullum ita ce ta farko. Saƙo na sauka za ta rubuta amin ya Allah, sai ta gama ayyukanta sannan ta saurara. Na sha tsokanarta cewa wata rana za ta ce amin a kan abin da zai ba ta mamaki. Takan ce addu'ar 'yar rediyo ba ta buƙatar bincike.

Wata Juma'a na ci karo da labarin wani ɗan jarida Ba'isra'ile, daga cikin 'yan tsirarun da ke adawa da yaƙin a ƙasarsu. Laifinsa shi ne ya ce yaran da ake kashewa a Gaza yara ne, su ma suna da suna da iyaye. Mutanensa suka ce maci amana ne. Ana zaginsa a titi, ana aika masa barazana, har wasu suka yi masa dandazo a ƙofar gida, dole ya bar gidan ya ɓuya. Kuma bai daina rubutu ba.

Labarin ya taɓa ni ƙwarai, don na ɗan san ɗacin abin. A lokacin wani rikici a Kaduna na taɓa karantawa a rediyo cewa cikin waɗanda aka kashe har da mutanen ɗaya ɓangaren, kuma namu ne suka yi. Kawuna bai sake amsa gaisuwata ba sai da Kirsimeti ta zagayo. Zagin bare da sauƙi, na gida ne ke hana barci. Sai na sa labarin mutumin a ƙarshe, na rufe da cewa Allah ya tsare shi da iyalinsa, ya ƙara masa ƙarfin zuciya.

Ban ajiye wayar ba amin ɗin Hajiya ya shigo.

Kafin la'asar zaure ya kama da wuta. Wata ta ce yaudara ce, duk bakinsu ɗaya. Wata ta ce ana binne jarirai ni kuma na samo Bayahude ina yi masa addu'a, dama ai an san inda zuciyar mutanen coci take. Wannan ta ƙona min rai, ni da na yi makonni ina karanta musu labarin jariran nan. Bakina kuwa ba shi da linzami. Na ce wadda ba ta iya jin labari sai mai daɗi ta nemi maroƙi, ni 'yar jarida ce. Wannan ya ƙara wa wutar fetur. Kafin dare ya yi mai kula da zauren ta kira ni, cikin ladabi, ta ce a ɗan huta da labaran tukuna.

Amma ba a kaina kaɗai abin ya tsaya ba. Wata ta ɗauki hoton amin ɗin Hajiya ta sake turawa da alamar dariya. A wani taron suna da aka yi a makon, na ji an ce har Hajiya mai amin ake kiranta, ana ƙus-ƙus ana kallonta. Mace mai girma irinta, wadda ake kai wa ƙara idan an yi faɗa.

Ran Lahadi na tafi cocinmu da ke saman wasu shaguna a Sentul, ina cewa ko ba komai can zan sha iska. Ashe saƙon ya riga ni zuwa. Ana tashi matar fasto ta ja ni gefe, ta kama hannuna kamar mai yi mini ta'aziyya.

"Sister, abin da na ji gaskiya ne? Mutumin da ya juya wa Isra'ila, al'ummar Allah, baya lokacin yaƙi, shi kike wa addu'a? I'm disappointed, gaskiya."

Na ce mata Mama, annabawan da muke karantawa kowace Lahadi ai aikinsu ke nan, gaya wa mutanensu abin da ba sa so. Ta saki hannuna. A cikin jirgin ƙasa na dawowa sai dariya ta kama ni, ta baƙin ciki. Matan zaure da matar fasto ba su taɓa yarda a kan komai ba game da yaƙin nan, sai ga wani bawan Allah da bai san da zamansu ba ya haɗa kansu. Gaba kura, baya sayaki.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya fi ƙarfina shi ne kula, wadda a lokacin tana wajen Hajiya, kuma ba ta sauko ba. Mukan haɗu a lif ɗin hawa bene, in gaishe ta, ta amsa lafiya lau tana kallon lambobin hawa. Ba 'yar rediyo, ba faɗa. Nakan je wurin mamak, masu sayar da abinci a unguwa, in ce a yi min tapau, wato a ƙunshe min, in dawo in ci ba tare da na san abin da na ci ba. Sau da yawa na hau har ƙofarta in juyo, don ban san me zan ce ba. In ba da haƙuri a kan me? Ban yi ƙarya ba. Amma na yi kewarta har ina jin abin a ƙirjina, kuma na ji tsoron cewa shi ke nan.

Wata rana bayan la'asar, ana tafka irin ruwan garin nan, aka ƙwanƙwasa. Hajiya ce, da kula a hannu. Ta wuce ni ta zauna a kujerar da ta saba.

"'Yar rediyo, kin kunyata ni a gaban yara."

"Hajiya, ai ke ce ba ki saurara ba."

"To ni na ce miki na saurara? Zauna mana, ina magana."

Na zauna. Ta ce don haushi ta ƙi buɗe saƙon duk tsawon kwanakin nan. Jiya tana guga ta ce bari dai ta ji abin da aka yi mata suna da shi. Ta ji, ta sake ji, har ta kusa ƙona rigar maigida. Ta ce kada in ɗauka ta sauya ra'ayi a kan Isra'ila, zuciyarta na nan tana tafasa. Sai ta tambaye ni ko mutumin yana da mata da 'ya'ya, kuma a inda ya ɓuya wa ke kai musu abinci. Na ce ban sani ba, labarin bai faɗa ba. Ta ce matsalarmu ke nan 'yan jarida, abin da ya kamata mu sani shi ne ba mu sani ba.

Ta ce ita ba ta yi dogon karatu ba, amma ta san ba kowa ke iya ba da shaida a kan 'yan gidansu ba. Ita da aka yi wa dariya kawai a gidan suna ta kasa cin abinci, ina ga wanda aka taru a ƙofarsa? Sai ta ciro wayarta, ta nemo tsohon saƙona a zaure, ta danna wajen naɗar murya ta kai bakinta.

"Salamu alaikum, matan gida. Amin ɗin da na ce kwanaki, ban saurara ba na ce. Yanzu na saurara. Amin. Mai magana ta san ƙofata."

Hawaye kawai nake yi, ita kuwa tana ce mini in daina, dambun zai huce.

Zaure ya yi tsit har washegari. Mace ɗaya ta fita, ba ta dawo ba. Sai wata amarya da ba ta cika magana ba ta rubuta amin, wata ta bi bayanta. Ba su da yawa, kuma ban yi tsammanin ko ɗaya ba. Matar fasto har yau gaisuwarmu a tsaye take, amma mijinta ya tare ni a matakala ya ce in tura masa labarin ya karanta da kansa. Ɗan jaridar can kuwa, na duba, yana nan yana rubutunsa.

Da Juma'a ta zagayo, mai kula da zaure ta rubuto tana tambaya ko yau babu labarai ne. Na zauna na naɗa, na rufe da addu'a kamar kullum, na tura, sannan na ɗora faten acca don kula ba za ta hau wayam ba. Amin ya yi ta shigowa, babu na Hajiya. Na duba wayar ya fi a ƙirga. Sai bayan magariba nata ya shigo, da ƙorafi a ƙasansa, wai na cika sauri a labari na biyu, ba ta ji sunan garin ba.